Wa ke da ikon cewa a juya?

Duk shekara idan hunturu ya kankama a arewacin Amurka, ƙungiyar sikawut ta ƙasar takan kwashi samari 'yan shekara goma sha, ta kai su dajin da ke kusa da garin Ely a jihar Minesota, dab da iyakar Kanada, su kwana a waje cikin sanyin da mu nan ba mu da abin kwatanta shi. Sunan shirin Okpik, wato sunan da mutanen Inuwit ke kiran wata farar mujiya ta ƙasashen ƙanƙara. Tafkunan yankin kan daskare har a taka su da ƙafa kamar daɓe. Yaran kan tara dusar ƙanƙara tsibi guda, su bar ta ta sandare, sa'an nan su rarake cikinta su mai da ita ɗakin kwana. Wanda ya kwana a daren da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifili na lissafin Farenhait, kimanin digiri 18 ke nan ƙasa da sifili a lissafin Selshiyos da muke koyarwa a aji, akan ba shi lambar yabo ya liƙa a riga. Domin mai karatu ya fahimta, wannan shi ne sanyin da firiza ke daskarar da nama. Kuma wannan ma somin taɓi ne a wurinsu, don a garin Tower da ke maƙwabtaka da Ely an taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili ranar 2 ga Fabrairun 1996.

Uwar da ta ji wannan labari abin da zai fara fitowa daga bakinta shi ne a'uzubillahi, kuma ba mu ga laifinta ba. Amma mu ra'ayinmu shi ne waɗannan mutane suna yin abin da ya dace, kuma yaron da ya gina ɗakin kwanansa da hannunsa, ya dafa abincinsa, ya kula da abokin zamansa har gari ya waye, ya koyi wani abu da allo da alli ba za su taɓa ba shi ba. Tun zangon farko da Baden-Powell ya yi da yara kimanin ashirin a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agustan 1907, ginshiƙin sikawut ke nan: a fitar da yaro daga inuwar gida, a ɗora masa nauyi daidai wuyansa. Abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne dalilin da ya sa yaran Minesota ke komawa gida da yatsunsu goma, alhali a wasu wurare sanyin da bai kai wannan ba ya yi kisa.

A tsakiyar watan Maris na 1964 aka yi wata gasar tafiyar ƙasa ta manyan 'yan sikawut a tsaunukan Peak District na Ingila, wadda ake kira Four Inns, tafiyar da ta haura mil arba'in. Mutum 240 suka tashi, 22 kaɗai suka kai ƙarshe, matasa uku kuma suka rasu. Abin lura shi ne ruwan sama ne da iska mai ƙarfi suka tare su a hanya. Wani masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki, Dokta Griffith Pugh, wanda yana cikin ayarin da ya fara hawa ƙololuwar tsaunin Everest a 1953, ya bi diddigin al'amarin. Ya gwada irin tufafin da matasan suka sa, ya tarar cewa da zarar sun jiƙe, iska kuma ta buga su, kusan duk ɗumin da suke riƙewa ya tafi. Ya kuma nuna cewa mai tafiya yana tsira ne muddin yana da ƙarfin yin sauri, domin motsi ke hura wutar jiki; idan gajiya ta rage masa sauri sai wutar ta yi ƙasa, sanyin ya ƙara masa gajiya, gajiyar ta ƙara masa sanyi, har ya zube.

Jikin mutum mai lafiya yana tsaye ne a kan digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari. Da farko makyarkyata ce, wadda ita kanta dabarar jiki ce ta samar da ɗumi. Daga nan sai yatsu su kasa ɗaura maɓalli, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa harɗewa, yaro mai fara'a ya koma shiru ko ya kama faɗa ba dalili. Mafi muni shi ne sa'ad da makyarkyatar ta tsaya alhali ba a ɗumama shi ba, don jahili zai ce ya samu sauƙi, nan kuwa jiki ne ya sallama. Wasu ma a wannan mataki sukan tuɓe tufafi suna cewa zafi suke ji. Wato sanyi yana fara cin hankali kafin ya ci rai, saboda haka wanda ya kamu ba zai iya ceton kansa ba, ba zai ma san ya kamu ba. Ruwa kuwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska har kimanin sau ashirin da biyar, kuma yaro ya fi babba saurin rasa ɗumi saboda ƙanƙantar jikinsa.

A kan wannan ilimi aka gina zangon Minesota. Cibiyar ce ke ba da takalma da jakar kwana da shimfiɗar da ta dace, ba a barin kowane uba ya haɗa wa ɗansa abin da ya sawwaƙa. Kowane rukuni ana haɗa shi da horarren jagora na cibiyar, ban da manyan da suka rako yaran daga gida, kuma dokar ƙungiyar ce kada manya su gaza biyu a kowace fita. Ana koya wa yaro ya sa tufafi hawa-hawa don ya rage in ya fara gumi, domin gumi ma jiƙa ne. Ya guji auduga saboda tana shan ruwa ta ƙi bushewa. Ya sauya kaya busassu kafin ya kwanta. Ya kula da abin da ke ƙarƙashinsa kamar yadda yake kula da mayafi, don ƙasa ta fi iska satar ɗumi. Ana tilasta masa ci da sha ko ba ya jin yunwa. Har gorar ruwa akan kifa ta, tun da daga sama ruwa ke fara daskarewa, kada bakinta ya toshe. Kowane yaro yana da abokin da zai riƙa duba masa fuska, in ya ga fari-fari a hanci ko kunne ya yi magana. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake jarumtaka. Aikin lissafi ne da haƙuri da manya suka yi tun watanni kafin yaro ya ɗauki jaka, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Labarin da ya fi dacewa kowane malami ya sani kuwa ya faru ne a Sikotland, kuma 'yan makaranta ne irin namu. Ranar Asabar 20 ga Nuwamban 1971 ɗalibai goma sha huɗu na makarantar Ainslie Park da ke Edinbura suka hau tudun Cairngorm, wani faffaɗan fili a saman tsaunuka da ya haura mita 1,000, babu bishiya babu mafaka, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a wannan wata. Jagoransu malami ne ɗan shekara 23. Mataimakiyarsa ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta kwalejin horon malaman motsa jiki, kamar dai ɗalibanmu na NCE da ake turo mana koyarwar gwaji, tare da wata 'yar sa-kai mai shekara 18. Da aka hau, sai aka raba yaran gida biyu. Malamin ya ɗauki takwas da suka fi ƙwarewa ya yi gaba. Shida da suka fi rauni, mata huɗu da maza biyu, 'yan shekara goma sha biyar-biyar, aka bar wa ɗalibar da 'yar sa-kan su biyo baya. An shirya cewa in yanayi ya ɓaci, kowa ya nufi wata 'yar bukkar gaggawa da ke saman tudun, mai suna Curran.

Yanayi kuwa ya ɓaci. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina har mutum ba ya bambanta sama da ƙasa. Rukunin malamin ya samu bukkar ya kwana lafiya. Rukuni na biyu bai same ta ba, ya yada zango a fili, a wani kwari da iska ke tara dusa a cikinsa, tazarar 'yan ɗaruruwan mita kacal daga bukkar. Ba wanda ya san halin da suke ciki sai da rukunin farko ya sauko da yammacin Lahadi. Kwana biyu suka yi a wurin. Da safiyar Litinin jirgi mai saukar ungulu ya hango ɗalibar tana rarrafe cikin dusa tana neman taimako. Da masu ceto suka isa suka tona, sun tarar da yara biyar da 'yar sa-kan sun cika. Yaro ɗaya ne aka zaro da rai.

An yi binciken shari'a a garin Banff a watan Fabrairun 1972, kuma ba a ɗora wa kowa laifi ba. Mu ma ba za mu ɗora wa waɗancan matasan jagorori ba; yarinyar da ta yi rarrafe da daskararrun hannuwa don ceton ɗalibanta ba ta cancanci zagi daga masu zaman kujera ba. Sai dai akwai abubuwan da binciken ya bankaɗo waɗanda ya wajaba su hana mu barci. Takardar izinin da aka aika wa iyaye ba ta faɗa musu cewa hawan tsauni za a yi cikin hunturu ba. Sun sa hannu a kan abin da ba su sani ba, izinin da aka samu ta haka kuwa sunansa kawai izini. Sa'an nan ga rabon da aka yi: ƙwararren jagora ya tafi da ƙarfafa, raunana suka faɗa hannun mai ƙaramin sani. Kowane malami da ke karanta wannan ya san wannan rabo, don shi muke yi a makarantunmu ba tare da mun ankara ba, inda babban malami ke riƙe ajin masu ƙoƙari, sabon ɗauka kuma a miƙa masa ajin da ya gagari kowa. A cikin aji sakamakon faɗuwa jarrabawa ce. A kan tudu gawa shida ce.

Batun bukkar ma ya isa a yi dogon tunani a kansa. Don ceton rai aka gina ta, kuma ta ceci rukuni ɗaya a wancan dare. Duk da haka bayan doguwar muhawara aka rushe ta a 1975. Hujjar masu neman rushewa ita ce samuwarta ce ke sa jagora ya ci gaba a sa'ad da ya kamata ya juya, yana cewa ai akwai mafaka a gaba. Ita kuwa 'yar bukka ce da dusa ke binnewa, ba a ganinta daidai lokacin da aka fi bukatarta. Masu adawa da rushewar su ma suna da tasu gaskiyar, kuma har yau ba kowa ya gamsu ba. Mu dai mun fi karkata ga masu rushewa, saboda mun ga irin wannan bukka a wajenmu da wasu sunaye. Wayar hannu ce, da ake cewa ai in wani abu ya faru za a kira, a dajin da babu sabis. Akwatin magani ne da ba wanda ya buɗe shi tun bara. Motar da aka yi alkawarin za ta zo ce. Tanadin da ba a gwada shi ba yakan ƙara wa jagora ƙarfin hali, bai kuwa ƙara wa yara tsaro ko ƙanƙani ba.

Wanda yake ganin wannan tsohon labari ne sai ya dubi Japan. Ranar 27 ga Maris 2017, a yankin Nasu na lardin Tochigi, ɗaliban sakandare suna horon hawan tsauni. Saboda dusar da ta zuba da dare aka fasa hawan da aka shirya, aka sauya shi da atisayen ratsa dusa mai zurfi, alhali hukumar yanayi ta riga ta yi gargaɗin zaftarewar ƙanƙara. Ta kuwa zaftaro, ta kashe ɗalibai bakwai da malami ɗaya. A watan Mayun 2024 kotun farko ta yanke wa malamai uku da suka jagoranci horon hukuncin ɗaurin shekara biyu-biyu. A nan ma an hango hatsari, amma aka yi rabin juyawa, domin da wuya malami ya tara yara daga makarantu da yawa sa'an nan ya ce musu kowa ya naɗe kayansa a koma gida. Kuma da abin ya auku, malaman da ke wurin ne suka tsaya gaban alƙali.

Za a ce mana ina ruwan Bahaushe da dusar ƙanƙara. Gaskiya ne ba ta zuba a ƙasarmu, amma darasin 1964 shi ne ba sai ruwa ya daskare sanyi ke kisa ba. A tsakiyar hunturu dare kan yi sanyin da ya kusa digiri 10 a garuruwan Arewa da dama, a Jos da tsaunin Mambila kuwa yakan sauka ƙasa da haka, ga busasshiyar iska mai ratsa ƙashi. Lokacin ne kuma hutun zangon karatu na farko, lokacin da 'yan sikawut da sauran ƙungiyoyin matasa ke fita sansani. Yaro ne siriri, da gajeren wando da 'yar riga mai gajeren hannu, tabarma a kan siminti ko turɓaya, wataƙila bai ci abin kirki da dare ba, a tashe shi da asuba ya yi wanka da ruwan randa don a ga jarumtakarsa. A cikin kowane taron yara kuwa da wuya a rasa mai sikila, wanda sanyi ke tayar masa da ciwo mai tsanani, ko mai asma da ƙurar hunturu ke shaƙe wa numfashi. Ga kuma wani hatsari da ya fi sanyin saurin kisa: kaskon gawayi a cikin tanti ko ɗakin aji da aka rurrufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya yi kuka. Malami mai tausayi ne ma zai fi saurin shigar wa yara da kasko, don ya ga suna rawar ɗari.

Akwai masu cewa maganin duk wannan shi ne a hana fita gaba ɗaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba mu tare da su. Yaran da aka hana sansani mai tsari ba a gida za su zauna ba, za su tafi kududdufi da kan duwatsu su kaɗai, inda babu babba ko ɗaya. Sikawut ta shigo Nijeriya tun 1915, kuma a cikinmu akwai da yawa da suka fara sanin ɗaukar nauyin wani a can. Haka nan ba mu tare da masu cewa ai wuya ce ke gina namiji, mu ma haka aka yi mana. Wuyar da ke gina yaro ita ce wadda babba ya auna, ya san iyakarta, ya kuma san alamar da zai gani ya ce ya isa. Wanda ya jiƙa yaro da ruwan sanyi da asubar Janairu bai koya masa komai ba sai tsoron mai usur. Yaron Minesota da ya kwana a digiri 18 ƙasa da sifili bai kwana yana makyarkyata ba. Gwanintar da aka koya masa ita ce yadda zai kwana da ɗuminsa.

Abin da muke roƙon reshenmu ya tsaya a kai bai fi ƙarfin kowa ba. Kada a sake naɗa malami shugaban sikawut ko jagoran yawon buɗe ido don kawai shi ne ƙarami a ofis ko don ba ya iya cewa a'a. A ba shi horon taimakon farko na gaske, wanda aka yi da hannu, kuma kada ya fita da yara shi kaɗai. Takardar da za a kai wa iyaye ta faɗi inda za a kwana, a kan me za a kwanta, me za a ci, wane asibiti ne mafi kusa, a rubuta ta da harshen da suke karantawa, a kuma bar gurbin da za su faɗi ciwon da ɗansu ke da shi. Iyaye kuma, don Allah a daina ɓoye sikila da asma da farfaɗiya saboda kunya ko tsoron kada a bar yaro a baya. Malamin da bai sani ba ba zai iya tanadi ba. In an raba yara, mafi ƙwarewar manya ya tafi da mafi raunin yara, ko da hakan zai rage wa ƙarfafan armashi.

Na gaba da duka shi ne ikon fasawa. Malamin da ya tsaya a bakin daji da yara arba'in yana da dalilai goma na ci gaba: an karɓi kuɗin iyaye, an yi hayar mota, shugaban makaranta ya sanar da manyan baƙi ranar rufe sansani, yaran kansu suna ɗoki, shi kuma ba ya so a ce ya ji tsoro. Dalilin juyawa ɗaya ne tak, kuma in ya juya ba wanda zai taɓa ganin abin da ya kauce wa, sai asarar da aka yi. Saboda haka muke so a rubuta tun kafin a tashi, da sa hannun shugaban makaranta da na shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, cewa jagoran da ke tare da yara yana da ikon fasa tafiya ko katse ta a kowane lokaci ba tare da neman izinin kowa ba, ba za a ba shi takardar tuhuma ba, ba kuma za a cire kuɗin mota daga albashinsa ba. Duk ɗan ƙungiya da aka nemi ya fita da yara a hutun Disamba mai zuwa, ya nemi wannan takarda kafin ya karɓi sunan yaro ko ɗaya, in an hana shi kuma ya kawo maganar ofishin reshe.